Rabon Kwanakin Aura

Da aka zo rabon gadon Malam Abdussalam, gona ta rabu da igiya, hatsin rumbu ya rabu da kwano, awaki kowa ya ja nasa. Abu ɗaya ne ya gagara, wato jakar marigayin, wadda ake kira Aura saboda launin jikinta. Ba a yanka jaki a raba nama. Sayarwa kuwa babu wanda ya yarda, domin a shekarun nan jaki ya zama abin nema a ƙauyukan Tsanyawa. Masu sayen fata sun bi gida-gida sun kwashe su a manyan motoci, mai ya yi tsadar da a-kori-kura ta daina shiga gona, takin zamani kuma sai dai talaka ya ji labarinsa a rediyo. Duk wanda ba shi da abin da zai kai masa takin gida gona, to damina za ta zo ta wuce yana kallon hatsin maƙwabci.

Limamin ƙauyen ne ya warware. Magada huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, ya zama kashi bakwai. Kwanakin mako ma bakwai ne. Don haka Ɗanliti kwana biyu, Basiru kwana biyu, Sama'ilu kwana biyu, Maijidda kuma ranar Juma'a. Aka shafa fatiha, aka yi ta yaba basirar Liman har a bakin kasuwa. A cikin duk masu yabon babu wanda ya tuna cewa jaki yana da ciki.

Ba a yi wata guda ba kowane ɗaya daga cikin mazan nan ya gano dabara da kansa, ba tare da sun zauna shawara ba. Abin da jaki ya ci da yamma, ƙarfin gobe ne. Idan goben taka ce, sai ka ɗan watsa mata ƙaiƙayi. Idan goben ta ɗan'uwanka ce, don me za ka ɗebi harawarka ka yi wa wani aiki? Saboda haka ranar farko ta kowa Aura takan samu abin motsa baki. Rana ta biyu kuwa sai a more ta tun asuba har faɗuwar rana, a kai ta turken mai karɓa ciki wayam. Shi kuma mai karɓa ya dube ta ya ja tsaki, ya ce ba shi zai biya yunwar da wani ya tara ba.

Maijidda tana ganin wannan duka daga ƙofar ɗakinta. Ita ke bin Ɗanliti a haihuwa, Basiru da Sama'ilu ƙannenta ne. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan uba, tana zaune a tsohon ɗakin mahaifiyarsu kusa da garke. Guntuwar gonar da ta gada Ɗanliti ya haɗa da tasa yana nomawa, wai don kada ta wahala. Abin da take ci da shi surfe ne da daka da take yi wa matan unguwa, a sallame ta da dusa da ɗan tsaba. Ba ta da kayan da za ta ɗora wa jaki. Sai ta yanke wa kanta cewa ranarta ta hutun Aura ce.

Ranar Alhamis da yamma Basiru ya jawo jakar ya yar da igiyar a gabanta.

"Yaya Jidda, ga rabonki nan."

"Ta sha ruwa?"

"Ai mun biyo ta bakin kududdufi."

"Kududdufin da ya ƙafe tun watan jiya? Yara ma ƙwallo suke yi a ciki."

"To ni kaina zan matse in ba ta? Jaki ne fa, Yaya, ba jariri ba."

Ya kaɗe hannu ya wuce. Maijidda ta ɗauko ruwan tsarin da ta tara na wankin gero, ta ajiye a tsohuwar roba. Aura ta sa baki ba ta ɗago ba sai da ta lashe gindin robar. Aka ƙara, ta shanye. Sannan Maijidda ta jiƙa dusa da ɗan kanwa, ta zauna a kan turmi tana kallon haƙarƙarin dabbar yana ɗagawa yana sauka, ana iya ƙirga shi daga nesa. Duk wunin Juma'a Aura takan tsaya a inuwar ɗakin, ido a lumshe, leɓe a sake, ko ƙuda ba ta iya kora sai da azahar.

Alheri ba ya ɓuya a gidan da kowa ke leƙen kwanon wani. Tun farko an bar wa Sama'ilu Asabar da Lahadi ne don shi ne auta, babu wanda ya damu. Sai Ɗanliti ya lura auta yana yin sahu takwas na taki ranar Asabar, shi kuwa da ƙyar yake samun biyar. Ya bi diddigi ya gano dalili: jakar tana fitowa ne daga hannun Maijidda da ƙoshi da hutu. Nan da nan ya tara ƙannensa a zaure.

"A ina aka taɓa yin haka? Babba yana zaune, ƙarami ya fara sa hannu a akushi? Asabar tawa ce."

"Yaya, ai kai ka ce in ɗauka," in ji Sama'ilu.

"Lokacin na ce, yanzu na fasa. Ko za ka koya mini yadda ake riƙon gida?"

Aka yi ta cacar baki har maƙwabta suka leƙo ta katanga, daga ƙarshe girma ya yi halinsa. Ɗanliti ya karɓi Asabar da Lahadi, Basiru Litinin da Talata, aka tura Sama'ilu Laraba da Alhamis, lokacin da jakar ta riga ta zama saura. Haushin da bai iya sauke wa yayansa ba, sai ya riƙa sauke shi a gindin Aura da sandar geza. Ranar kasuwa ya ɗora mata buhu biyu na wani ɗan kasuwa, shi ma ya haye can baya yana kaɗa ƙafa, yana amsa gaisuwa.

Maijidda ta ji yadda aka yi rabon Asabar daga bakin matar Basiru. Ranar ta daɗe tsaye da taɓarya a hannu ba ta daka ba. Ashe dusar da take tarawa mako guda, yayanta take yi wa. Amma da Alhamis ta zagayo aka jawo Aura tana tangaɗi, sai ta sake ɗauko robar.

Akumarin da ake shimfiɗa wa jakar a baya kafin a ɗora kaya, shi ma na gado ne, don haka shi ma ba shi da mai gyara. Ya yage, cushen ciki ya zube, igiyar mangala ta riƙa cin fata kai tsaye. Da fari gashi ne ya tafi, wuri kamar tafin hannu. Sannan ya zama ja. Sannan ya buɗe. Kowace Juma'a Maijidda ta wanke mikin da ruwan ɗumi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ya ɗan kame. Kowace Asabar a ɗora mangalar taki a kai, ruwan takin ya tsiyaya a ciki. Ta ɗinka tsofaffin zannuwanta ta yi matashi, Ɗanliti ya ce yana zamewa yana ɓata masa lokaci, ya cire ya jefar a gefen hanya.

Basiru shi ba gonarsa kaɗai yake yi wa aiki ba. A kwanakinsa yakan kai wa masu gini ƙasa daga ramin bayan gari, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi taki nauyi nesa ba kusa ba. Da ƙudaje suka dame shi, sai ya je wurin mai gyaran babur ya roƙo baƙin mai a gwangwani, ya tuttula a mikin. Aura ta yi ta tsalle tana harbin iska, yaran gidan suna dariya suna tafi.

"Ka ga magani," in ji Basiru. "Tun da ta ji zafi, ya kama ke nan."

Da Maijidda ta gani ranar Alhamis, fatar gefen mikin ta soye ta yi baƙi, ciki kuma tsutsa ce ke motsi. Ta zauna da tsinke tana cirewa ɗaya-ɗaya, tana tofar da yawu don wari. Da ta gama ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta sami Ɗanliti a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, yana zaune a buzu da carbi.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Me ya fito da ke?"

"Aura ce. Bayanta ya ruɓe, kuma cikinta ya tsufa. Tun Baba yana da rai ya kai ta barbara wurin jakin su Buwai na hayin rafi, ka lissafa ka gani, haihuwa yau ko gobe. A ɗaga mata ko mako biyu ne."

Ɗanliti ya ja carbi sau uku kafin ya amsa.

"Ke Maijidda, matanmu ma da ciki suke daka har ranar da za su durƙusa. Ita wace ce?"

"Matanku suna cin tuwo, Yaya."

"Ita ma tana ci. Dubi cikinta kamar randa. Wanda ba ya ci yana yin irin wannan tumbi?"

"Ɗa ne a ciki, ba abinci ba."

"To ni a kwanakina ina ba ta haƙƙinta, Allah shaida ne. Ki je ki sami ƙannenki, su ne ba su da tausayi."

Ta sami Basiru, ya ce Yaya ne ke karɓar ta da ƙarfinta ya tatse, shi saura yake samu. Ta sami Sama'ilu, ya ce a mayar masa da Asabar ɗinsa tukuna sannan a yi masa zancen tausayi. Kowannensu ya yi maganar da fuskar wanda aka zalunta. Dukansu ukun sun rantse da Allah, babu wanda muryarsa ta yi rawa.

Sai bazara ta kai maƙura. Zafi ya yi zafi, wata yamma hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi, ya watse ba tare da ɗigo ba. Wannan ya isa ya tayar da hankalin kowa, domin tarin taki yana nan a bayan gida rabi bai tafi gona ba. Washegari Juma'a, Maijidda ta idar da sallar asuba ke nan ta ji motsi a turke. Ta fito ta tarar da Ɗanliti yana kwance igiya.

"Yaya, yau Juma'a ce."

"Na sani. Aro zan yi."

"Ban bayar ba."

"Ke me za ki yi da ita? Kallo? Ga ruwa yana shirin sauka, a bar dabba tana tsaye tana hamma? Wannan almubazzaranci ne, kuma haramun ne. Jaki ba shi da Juma'a, ba a wajabta masa zuwa masallaci ba."

"Rabona ne, Liman ya yanka."

"Takin nan har gonarki zai shiga, ko kin manta ni ke noma miki ita? Ki yi godiya."

Ta riƙe igiyar. Ya dube ta, ya dubi ƙofofin ɗakuna inda matan gida suka fara leƙowa, ya fizge. Igiyar ta goge mata tafin hannu har ya yi jini. Ya ja Aura ya fita yana salati.

Tun da babba ya buɗe ƙofa, Juma'ar da ta biyo Basiru ya ce tasa ce, ai ba Yaya kaɗai ke da gona ba. Ta uku Sama'ilu bai ma kawo jakar ba ranar Alhamis, ya bar ta a turkensa ya zarce. Maijidda ta koma bin dabbar da robar tsari duk inda aka ɗaure ta, tana ba ta a tsaitsaye kamar mai sata. Matar Sama'ilu ta ce ta daina shigar musu sashe, tana jawo musu ƙuda. Aura ta daina kuka da asuba. Kunnuwanta suka zube gefe-gefe. Idan tana tafe ƙafafun baya suna harɗewa, cikin yana lilo a ƙarƙashin ƙashin da babu nama.

Ranar wata Talata da la'asar, a hawan ramin ƙasa, ta durƙusa da mangala a baya. Basiru ya dake ta, ba ta tashi ba. Ya murɗa wutsiya, ya toshe mata hanci da hannu, ta yi ta shure-shure a kwance. Da ya ga abin da gaske ne sai tsoro ya kama shi, ba tsoron Allah ba, tsoron kada ta mutu a ranarsa. Ya zubar da ƙasar, ya nemi masu gini biyu suka ɗaga ta, ana turawa ana ja har gida. Ana kiran magariba ya ɗaure ta a turken Sama'ilu, ta zube a wurin.

Maijidda ta iso da gudu ta tarar 'yan'uwan sun riga sun kaure.

"Rana ta faɗi," in ji Basiru. "Daren Laraba ya shiga. A musulunce kwana daga magariba yake farawa, ka tambayi kowane malami."

"Yau ka san haka?" in ji Sama'ilu. "Kullum sai bayan isha kake kawo ta. Ni kwanana da asuba yake farawa. Kwance abarka ka tafi da ita."

"Lafiya lau na kawo ta, gajiya ce kawai."

"Lafiya lau? To hau ta ka zagaya gida in gani."

Ɗanliti ya fito da butar alwala a hannu, ya tsaya nesa kaɗan don kada a ce ya taɓa. Ya yanke hukunci cewa duk wanda ta mutu a hannunsa, shi zai biya sauran rabonsu. Aura tana kwance tsakaninsu tana numfashi da ƙyar, ƙasa ta manne a mikin bayanta, babu wanda ya dube ta. Kowa ɗan'uwansa yake kallo.

Basiru ne ya fara samun mafita. Fuskarsa ta washe.

"Af, mun manta! Ai Yaya Jidda tana bin mu Juma'a uku."

"Wallahi kuwa," in ji Sama'ilu da sauri. "Haƙƙin mace ba abin wasa ba ne. Ni na bar mata Laraba da Alhamis, a cire min nauyi."

"Madalla," in ji Ɗanliti. "Haka ake son zumunci. Maijidda, daga yanzu har Juma'a tana hannunki. Abin da duk ya same ta a ranarki, naki ne. Kowa ya ji?"

Kowa ya ji. Maijidda ta dube su ɗaya bayan ɗaya, maza uku masu gemu, 'ya'yan mutumin da ba ya cin tuwon dare sai ya ga jakarsa ta ci. Ta san abin da suke miƙo mata. Ta ce, "Na karɓa. Ku taimaka mini a kai ta ƙofar ɗakina."

Ɗanliti ya ce salla za ta wuce shi. Basiru ya ce bayansa ya riƙe. Sama'ilu ya riga ya shige ɗaki.

Da safe ta aika aka kira mata Naomi, matar Buwai, daga unguwar da ke hayin rafi. Ƙawarta ce tun suna 'yan mata suna haɗuwa a rijiya. Naomi ta zo da damin harawar wake a ka, ta ajiye, ta dubi bayan Aura ta riƙe baki.

"Jidda, wannan aikin mutane ne ko na kura?"

"Na 'yan'uwa ne."

"Ai gara kurar, ita tana gamawa rana ɗaya."

Su biyu da matar Basiru, wadda ta faki idon mijinta, suka zura zani a ƙarƙashin cikin jakar suka ɗaga, suka lallaba ta har inuwar ɗakin Maijidda. Naomi ta kafa itace biyu masu baki, suka rataya zanin don ya ɗan ɗauke mata nauyi. Ta ce da jakinsu yana nan da ta ba su aro su ƙyale wannan, amma Buwai ya sayar wa masu fata lokacin da hatsi ya ƙare musu, duk hayinsu yanzu babu jaki ko ɗaya.

Kwana biyu Maijidda ba ta karɓi surfen kowa ba. Ta dama kunun dusa tana ɗura wa Aura da ludayi. Ta wanke mikin, ta rufe da tsumma mai tsabta, ta zauna da mafici tana korar ƙuda. Laraba jakar ta ɗan tsinci harawa. Alhamis ta ɗaga kunne ɗaya da ta ji an buga turmi, har Maijidda ta yi dariya ita kaɗai. Mazan gidan kuwa sun canja hanya, ta bayan garke suke zagayawa su fita don kada ido ya haɗu. Basiru ya gaya wa mutane a masallaci cewa abin da ke cikin ma ya daɗe da mutuwa, wari ne kawai bai fito ba.

Juma'a da hantsi Aura ta zame daga zanin ta kwanta a gefe, ta fara nishi. Maijidda ta gane. Ta durƙusa a bayanta, ta ga 'yan kofato biyu sun leƙo, sai hanci. Uwar ba ta da ƙarfin yunƙuri, ta yi sau biyu ta saki. Maijidda ta naɗe hannun riga ta kama ƙafafun da tsumma, tana ja a hankali duk lokacin da cikin ya motsa, tana kiran sunan Allah, gumi yana shiga mata ido. Can sai ga shi ya sulluɓo gaba ɗaya, jiƙe sharkaf, ƙarami kamar ɗan akuya. Ta share masa hanci. Ya yi atishawa.

Namiji ne, launin uwarsa. Ta jawo shi gaban Aura. Jakar ta ɗaga kai da ƙyar ta lashe shi a goshi, ta sake lasa, sannan kan ya koma ƙasa. Maijidda ta kai bakinsa ga nono a kwance, ta matsa da yatsa, ɗan abin da ya fito bai cika cokali ba. Ya tsotsa duk da haka. Lokacin da mazan gidan ke can masallacin Juma'a a sahun gaba, Aura ta miƙe ƙafafu, ta ja numfashi mai tsawo, ba ta sake ja ba.

Sun dawo cikin fararen riguna, ana ƙamshin turare. Labari ya riga ya tarye su a hanya, don haka yau ba su zagaya ta bayan garke ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Ɗanliti da murya mai ƙarfi don maƙwabta su ji. "Ikon Allah. A ranarki kuwa, Maijidda. Amma mu ba za mu matsa miki ba, mun san halin da kike ciki."

Basiru ya tattare riga ya sa ƙafa ya ɗaga tsumman bayan gawar. Ya duba, ya yamutsa fuska.

"Fatar ma ta lalace. Ko kyauta mai fata ba zai karɓa ba. Yaya Jidda, sai ki san yadda za ki yi da ita kafin ta fara wari, akwai yara a gidan nan."

Sai ɗan jakin ya motsa daga bayan turmi, ya miƙe a kan ƙafafu huɗu masu rawa, ya yi taku ɗaya ya faɗi, ya sake miƙewa. Mazan nan uku suka juyo suka dube shi. Sannan suka matso gaba ɗaya, har suna taka rigunan juna.

"Namiji ne!" in ji Sama'ilu. "Kai, dubi ƙirji. Wannan zai ɗauki kaya."

"Allah mai mayar da alheri," in ji Ɗanliti, yana shafa gemu. "Ya karɓa da hannu ɗaya ya bayar da ɗaya. Gadon Baba bai ƙare ba."

Maijidda ta miƙe. Zaninta duk jini ne da ƙasa.

"Yaya, ranar Talata a gaban kowa me ka ce? Abin da duk ya same ta a ranata, nawa ne. Yau ranata ce. Gawar tawa ce, na yarda. Wannan ma nawa ne."

"A'a, a'a. Kada ki juya mini magana. Mutuwa muke nufi, ba haihuwa ba."

"Ai cikin tun na Baba ne," in ji Basiru. "Abin da aka bari a ciki, gado ne. A je a tambayi Liman."

"Jiya a masallaci ka ce ya mutu, labari ya zo mini," in ji Maijidda.

"Zato na yi. Zato laifi ne?"

Ɗanliti ya ɗaga hannu irin na mai sulhu. Ya ce babu abin faɗa, shi mai adalci ne. Ɗan jakin zai zauna a wurin Maijidda har ya isa ɗaukar kaya, tun da ita Allah ya ba hannun kiwo, ga ta da akuya mai shayarwa. Idan ya isa, sai a koma tsarin da Liman ya yanka, ita ma ba za a hana ta Juma'arta ba.

"Amma wannan karon Asabar tawa ce," in ji Sama'ilu.

"Taka a gidan wa?" in ji Ɗanliti.

Suka ɗunguma zuwa gindin dalbejiya suna ɗaga murya. Dabbar da suke faɗa a kanta ko cibiyarta ba ta bushe ba, aikin da suke rabo kuma sai nan da shekara uku, idan ta rayu. Wadda ta kai musu taki duk rani tana kwance a rana ƙudaje sun rufe ta, an rasa mai kama ƙafa ɗaya a ja ta bayan gari. 'Ya'yansu maza suna zaune a gefen tabarma sun zuba ido, suna jin yadda ake zama magidanci. Wata rana su ne za su riƙe waɗannan iyayen idan ƙarfi ya ƙare, kuma ba su da wata makarantar da ta wuce gindin bishiyar nan.

Sai da la'asar Naomi ta zo da Buwai da igiya, aka ja gawar aka fita da ita ta ƙofar garke. Maijidda ba ta bi su ba. Ta tatsi akuyarta a ƙoƙo, ta ɗan sirka da ruwan ɗumi, ta sungumi ɗan jakin ta shiga ɗaki da shi ta sakaya ƙofa. Daga waje har yanzu ana jiyo muryar Sama'ilu yana rantsuwa a kan Asabar.

Ta tsoma tsumma a nonon ta kai masa baki. Ya kau da kai, ya sake kau da kai, sannan ya kama ya fara tsotsa da ƙarfi, wutsiyarsa tana kaɗawa. Ta zuba masa ido. Ta san sarai wa take yi wa kiwo, ta san bayan da za a ɗora wa mangala ne take shafawa. Tsumman ya bushe, ya ɗago kai yana lalubar hannunta.

Ta sake tsomawa.